Ba Wanda Ya Aike Shi

"To ka tafi mana," in ji Yaya Fassouma. "Ka tafi su kwashe ka. Ni ce zan buga waya Maraɗi in gaya wa Inna, ko?"

"Ba wanda zai kwashe ni."

"Kai ka sani? Kai ne shugaban ƙasar?"

Tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta tare mini hanya. Safiyar Asabar ce. Ba a daɗe da rushewar dogayen benayen nan na New York ba, kuma tun ranar ba ta kashe talabijin ba. Ko tana salla yana magana a bayanta.

"Mutum sunansa Abdoul-Aziz," ta ce, "bizarsa ta mutu tun bara, ya ɗauki ƙafa ya shiga ɗakin ibadar Yahudawa. A wannan lokacin. Alassane ya ce har ɗan sanda suka ajiye a ƙofa."

"Mijinki ya taɓa zuwa wurin ne?"

"Kar ka kawo mini raini, Aziz. Ni na goya ka."

"Yaya, sun san ni. Tun bara nake musu aiki."

"Sun san ka? Sun san sunan babanka?"

Ba su sani ba. Na ɗauki rigar sanyina, na ratsa ta gefenta. Ba ta riƙe ni ba. Ina sauka daga bene na ji ta ce, a hankali wannan karon, "Allah ya tsare." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malachy ne ya ba ni aikin. Ɗan Jos ne, Kirista, maƙwabcinmu a Glenwood. Shi ke yi kafin ya samu aikin ɗaukar kaya a wani sito a Wendover. Ranar da ya kai ni ya tsayar da ni a bayan gidan, ya ja kunnensa da yatsa.

"Mutumina, aikin nan ba hannu yake so ba. Wannan yake so."

Ya yi mini bayani. Daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito ranar Asabar, mutanen nan ba sa kunna wuta, ba sa kashewa. Ba sa shiga mota, ba sa taɓa waya, ba sa riƙe biro. Ranar hutunsu ce, da gaske suke hutawa.

"Kuma ba za su ce maka kunna ba," in ji shi. "Ba ya halatta su aike ka. Sai dai ka ga wani ya dubi sama ya ce, kai, ɗakin nan da duhu yake. To da kai yake."

"In ban gane ba fa?"

"Sai su zauna cikin duhu. Kuma ba wanda zai yi maka faɗa. Wannan ne zai fi damunka."

Ban sha wuya ba. A gidanmu haka Inna take yi da ɗan farinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta aikensa. Sai ta dubi bango ta ce randar nan ba ruwa, shi kuma ya tashi ya ɗauki guga. Na girma ina jin irin wannan maganar. Cikin sati kaɗan na fi Malachy kunne.

Ran Asabar ɗin nan na sauka daga bas, na taka sauran hanyar. Wurin ba wani babban gini ba ne. Tsohon gida ne da suka fasa bangayen ciki suka mai da shi ɗakin ibada. Da akwai allo a gaba mai rubutunsu. Yanzu sun cire shi, saura ramukan ƙusoshi.

Alassane bai yi ƙarya ba. Ga motar 'yan sanda a bakin titi. Ga ɗan sandan a ƙofar gaba, dogo, matashi, yana duban fuskar duk wanda ya shigo. Mutane suna tahowa a ƙafa, biyu-biyu, uku-uku, maza da baƙaƙen kwat, mata riƙe da hannun yara. Da can yaran kan riga iyayensu isowa da gudu. Yau kowa na riƙe da nasa.

Na tsaya a bayan wata bishiya. In na bi ta gaba zai tambayi sunana. In ya ji sunan zai tambayi papiye, takardun zama. Sai na zagaya ta lungun baya, na buɗe ƙofar kicin da makullina. Bai gan ni ba. Har na ji daɗi a lokacin.

Kicin ɗin na ƙamshin tukunyarsu ta Asabar: wake, nama da dankali, da ake ɗorawa tun jiya a kan ƙaramar wuta, a bar ta ta kwana tana dahuwa. Madam Shoshana, wadda ke kula da abincin, tana jera burodin nan nasu mai kitso a kan faranti.

"Aziz! Ka zo," ta ce da Turanci. "Na ce wa mijina ba za ka zo ba."

"Na zo, Madam."

"'Yar'uwarka ta bari?"

"Ba ta bari ba."

Ta yi dariya, gajeriya, ta daina. Ta ware burodi ɗaya ta ajiye gefe. Nawa ne. Kowane sati haka take yi, ba ta taɓa cewa nawa ne ba.

Wurina shi ne ɗan lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin ibada. Daga nan ina ganin komai, ba na cikin komai. Maza sun yafa fararen mayafai masu baƙin layi, suna rausayawa gaba da baya kamar masu tilawa. Mata suna ɗaya ɓangaren, bayan wani ɗan labule. Jama'ar ba su kai rabin yadda suka saba ba. Duk lokacin da mota ta wuce a titi, sai ka ga kawuna sun juya wajen taga, sannan su koma kan littafi.

Na san tsoron nan. Irin wanda na baro a gidanmu ne.

Baba Gershon yana kujerarsa ta kusa da ƙofar baya. Tsoho ne ƙarami, kamar iska za ta ɗauke shi. Daga Poland ya zo bayan yaƙin Jamus. Malachy ya ce shi kaɗai ya rage a gidansu, sojoji suka kwashe sauran yana yaro, kuma tun daga nan bai yarda ya zauna nesa da ƙofa ba. Kowace Asabar sai ya ba ni alewar na'a-na'a, ya tambaye ni ko kogin Neja ya cika bana. Na gaya masa sau da yawa cewa kogin bai bi ta Maraɗi ba. Sai ya ce, "To, to," sati mai zuwa ya sake tambaya.

Yau bai tambaya ba. Yana zaune ya juya wa tagar gaba baya, don kada ya ga ɗan sandan.

An buɗe kabad ɗin da ke gaba, aka fito da naɗaɗɗen littafinsu na Attaura cikin rigarsa ta karammiski. Aka zagaya da shi, kowa na taɓa shi da bakin mayafi ya sumbata. A lokacin ne na lura ƙafafuna sun yi sanyi. Na sa hannu a ramin da iska mai ɗumi ke fitowa. Ba komai. Hita, na'urar ɗumama gidan, ta mutu.

Ban motsa ba. Dokar ke nan, sai an yi magana.

Can wata yarinya ta fara tari. Wata ta kama. Baba Gershon ya tashi, ya taho lungun kamar mai neman banɗaki. Ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba. Ya murza hannuwansa, ya ɗaga kai yana kallon silin.

"Sanyi yau," ya ce. "Sanyi ƙwarai. Har yara na tari."

Ya ajiye alewa a kan ɗan teburin da ke wurin, ya koma.

Na sauka ƙasa.

Hitar tana ɗakin ƙarƙashin gidan, tsohuwa ce, da gas take aiki. Akwai wani ɗan harshen wuta a cikinta da bai kamata ya mutu ba, amma in iska ta shigo sai ya mutu. Malachy ya koya mini. Ka rufe gas, ka jira warin ya wuce, ka buɗe kaɗan, ka danne maɓallin, ka zura laita. Na yi sau da yawa.

Na durƙusa. Na cire murfin ƙarfen na jingine shi. Ɗakin ba haske sai wata 'yar taga daidai da ƙasar waje. A samana ina jin takun ƙafafu da waƙarsu, muryar malaminsu a gaba, sauran suna amsawa. Na ƙyasta laita. Ba ta kama ba. Na sake. Warin gas ya ɗan taso. Na sake.

Wata inuwa ta wuce ta tagar. Ta dawo. Na ga takalma baƙaƙe.

Ɗakin na da ƙofa ta waje, ban ji buɗe ta ba. Muryar kawai na ji.

"Kar ka motsa! Ajiye abin da ke hannunka!"

Laitar ta faɗi da kanta. Ban juya ba. Na san akwai bindiga, ina jin ta a ƙeyata tun ban gan ta ba. Abin da ya zo mini shi ne kalmar shahada, sai na tuna ko ita in na faɗa da ƙarfi za ta iya sa ya harba. Na faɗe ta a zuci.

"Kwanta! Hannu a baya!"

Na kwanta. Simintin sanyi kamar ƙanƙara. Ya danna gwiwarsa a bayana, ankwa ta kama. Hannunsa na rawa. Wannan ya fi komai tsoratar da ni: shi ma tsoro yake ji.

"Sunanka?"

"Aziz."

"Cikakke."

"Abdoul-Aziz."

Na ji numfashinsa. Sai ya yi magana a rediyon da ke kafaɗarsa, da sauri, ban kama duka ba. Na kama gas. Na kama sunana.

"Aiki nake yi a nan, yallaɓai," na ce. "Hita ce ta mutu."

"Ta ina ka shigo? Ban gan ka ba."

"Ta baya."

"Me ya sa ta baya?"

Ba ni da amsar da ba za ta kai ni ga papiye ba.

"Wa ya aiko ka nan ƙasa?"

Wa ya aiko ni? Ba kowa. Aikin ke nan.

"Tsohon ya ce akwai sanyi," na ce.

"Na ce wa ya aiko ka!"

Ya ɗaga ni da wuyan riga. Ya tura ni gaba, muka hau, muka ɓullo ta lungun nan nawa. Alewar tana nan a kan tebur. Ya ɗaga murya ya ce kowa ya fita waje, akwai gas, kowa ya fita yanzu.

Waƙar ta yanke a tsakiya. Wata mata ta yi ihu. Aka fara turereniya. Na ga wani ƙato ya rungume littafin Attaura kamar jariri yana gudu da shi. Wasu yara da na saba ɗaure wa igiyar takalmi suka wuce ta gabana, uwarsu ta ja su gefe. Ban ga laifinta ba. Ni ma da na ga kaina haka, da ankwa, da na ja ɗana.

Muka tsaya a kan ciyawar gaba. Su a gefe guda cikin fararen mayafai. Ni da shi a ɗaya gefen. Maƙwabta sun fara leƙowa.

"Na same shi a ƙasa," in ji ɗan sandan, "ya buɗe gas, da laita a hannunsa. Ya ce aiki yake yi. Tambaya ɗaya zan yi. Akwai wanda ya aike shi can?"

Shiru.

Ba shirun ƙiyayya ba ne, na san wannan. Kowa ya san ba shi ya aike ni ba, yana jiran wani ya yi magana. Amma ɗan sandan bai san irin shirunsu ba. Ni kuma idona ya tafi kan Baba Gershon. Ban yi niyya ba. Ɗan sandan ya bi idona.

"Kai, dattijo. Kai ka aike shi?"

Baba Gershon ya dubi kakin, ya dubi bindigar. Ya miƙe tsaye ƙiƙam, hannuwa a gefe, kamar yaron da aka kira gaban aji. Ya ba da amsar da ya saba bayarwa duk tsawon rayuwarsa.

"A'a," ya ce. "Ban aike shi ba. Mu ba ma aike ranar Asabar."

Ɗan sandan ya sunkuyar da kai kan rediyo. "Sun ce ba wanda ya aike shi."



Malaminsu ya kutso daga baya. Matashi ne mai jan gemu, shi ne na ƙarshe da ya fito don ya tsaya duba ko an bar wani a ciki.

"Tsaya, tsaya, yallaɓai. Wannan Aziz ne. Namu ne, ma'aikacinmu ne."

"Kun aike shi ya buɗe gas?"

"Ba aike ba ne yadda kake nufi. Mu a ranar nan ba ma cewa mutum ya kunna wuta. Sai dai mu faɗi abin da ke damunmu, shi kuma..."

"Malam, e ko a'a?"

Malamin ya dube ni. "E," ya ce. Ya juya wajen tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gershon, a kan sanyi ai ya halatta a faɗa kai tsaye. Ka sani."

"Babana bai taɓa faɗa ba," in ji Baba Gershon.

Sai ya dubi hannuwana. Ina jin sai a lokacin ya ga ankwar. Fuskarsa ta canza. Ya tako gaba, yana tangaɗi.

"Ni ne," ya ce. "Ni na aike shi. Na ce masa je ka kunna. Da bakina na faɗa."

Ƙarya ya yi, a ranar Asabar, a gaban jama'arsa. Ba wanda ya ƙaryata shi.

"Yanzu ka ce ba ka aike shi ba," in ji ɗan sandan.

"Na tsufa. Na manta."

"Ni ma na ji lokacin da ya faɗa," in ji Madam Shoshana daga cikin mata. "Ina kicin."

Ɗan sandan ya duba wannan, ya duba wancan. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka. Har ya kai hannu wajen makullin ankwa. Na rantse ya kai.

Sai motocin suka iso. Ta kashe gobara a gaba, biyu na 'yan sanda a baya, sannan wata baƙa da ba rubutu a jikinta. Mutum biyu suka fito daga baƙar, ba kaki, sai kwat. Ɗaya ya tafi ƙasa da masu kashe gobara. Ɗayan ya zo wurina. Bai ɗaga murya ba. Har murmushi ya yi.

"Abdoul-Aziz, ko? Daga ina?"

"Nijar."

"Najeriya?"

"Nijar."

"To. Ga dukan alamu rashin fahimta ne. Nuna mini takardunka mu sallame ka."

Na dubi malamin.

"Suna gida?"

Na dubi ciyawa.

"Da wace biza ka shigo?"

Malamin ya shiga tsakani. Ya ce shi zai tsaya mini, ya san ni, duk jama'ar sun san ni. Mai kwat ɗin ya ce to ya rubuta sunansa da lambarsa. Ya miƙa masa biro. Malamin ya tsaya yana kallon biron. Sannan ya karɓa. Na ji wasu daga cikin mazan sun ja numfashi. Tunda na fara aiki a wurin ban taɓa ganin biro a hannunsa ranar Asabar ba. Ya rubuta a kan murfin motar.

Mai kwat ɗin ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Na gode, Malam. Maganar hita ta wuce. Wannan wata magana ce daban."

Wanda ya sauka ƙasa ya dawo ya ce ba komai, ƙaramar wutar hita ce ta mutu. Ba wanda ya saurare shi.

Suka kai ni wajen baƙar motar. Wani ya dafa kaina ya tura ni ciki. Kujerar na warin roba. Ta gilashi na ga Madam Shoshana ta fito da gudu daga kicin, da burodina naɗe a takarda. Ɗan sandan farko ya tare ta. Bai dube ni ba. Ta tsaya riƙe da burodin a ƙirji.

Na tuna Yaya Fassouma a ƙofar kicin da ludayinta. Yanzu ta gama dafa shinkafa, ta rufe tawa a kwano. Ba wanda ya san lambarta a cikinsu. Ba su san sunan babana ba.

Sauran suna tsaye a kan ciyawa, ba su koma ciki ba. Ƙaton nan har yanzu yana rungume da littafin. Yarinyar tana tari. Ciki ma sanyi ne, ban gama kunna hitar ba.

Direban ya tayar da mota.

Sai na ga Baba Gershon ya baro jama'a. Shi da ba ya iya duban kaki, ya ratsa ta tsakanin 'yan sanda, mayafinsa ya zame daga kafaɗa ɗaya yana jan ƙasa. Malamin ya kira sunansa, bai juya ba. Ya iso, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin da ke gefena. Hannun ƙarami ne, duk jijiya. Ya yi magana da wani harshe da ban sani ba, ba na addu'arsu ba, wani daban, da muryar da ba ta tsoho ba. Mai kwat ɗin ya ce masa ya matsa.

Bai matsa ba. Ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita da Turanci.

"Ina za ku kai shi?"